Zauren Kimiyya: Yadda Zuciya Ke Amsa Sallama

Batunmu na wannan mako wata ɗaliba 'yar aji biyar a sakandare ce ta janyo mana shi. Ta rubuto cewa mahaifinta yana da hawan jini, ya kai shekara biyu yana shan wata 'yar ƙwaya kullum da safe. Da ya ji jikinsa garau sai ya ajiye ta, ya ce ai ya warke. Bayan kwana biyu zuciyarsa ta kama lugude, har sai da aka kai shi asibiti cikin dare. Tambayarta guda biyu ce. Ta yaya ƙwayar da aka haɗiya ta baki take sanin cewa zuciya ce wurin aikinta? Kuma me ya sa da Baba ya bar ta, bugun zuciyarsa ya fi na lokacin da bai fara sha ba?

Ƙanwarmu, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Tambayarki ba ƙarama ba ce, domin an ba mutane da dama lambar yabo ta Nobel a kan amsarta.

Mu fara da abin da ma'aikacin asibiti yake aunawa idan ya ɗaura wa mutum wannan ƙyalle a damtse. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu wankin mota ya ga yadda suke matse bakin tiyo da babban yatsa, ruwa ya yi tsiri da ƙarfi. Ruwan bai ƙaru ba, hanyarsa ce ta ƙuntata. Haka jini yake a jijiyoyinmu. Babban mutum yana ɗauke da jini kusan lita 5, zuciya kuma tana tura shi wajen sau 100,000 a kowace rana. Ƙarfin da jinin yake tunkuɗar bangon jijiya ya dogara da yawan abin da zuciya ta turo, da faɗin jijiyar, da kuma yawan ruwan da ke cikin jinin. Idan an ce 120 bisa 80, lamba ta sama ita ce lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku biyu daban-daban, sai a ce mutum yana da hawan jini. Masu son lissafi ga tsarabarku: idan faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar tura ruwa ta cikinsa ba ninki biyu take yi ba, ninki 16 take yi, wato 2 sau 2 sau 2 sau 2. Shi ya sa 'yar matsewar da ido ba zai gani ba a ƙananan jijiyoyi take iya ɗaga awon mutum sosai.

To wa yake ba jijiya umarnin ta matse, ko zuciya ta ƙara sauri? A nan labarin yake.

Zuciya da bangon jijiya duk an gina su ne da ƙwayoyin halitta, waɗanda malamin bayoloji yake kira sel. Kowane sel yana da katanga ta maiƙo da ta zagaye shi. Saƙonnin jiki kuwa, wato sinadaran da ake kira homon, suna yawo ne a cikin jini, kuma da yawansu ba sa iya ratsa wannan katanga. Ku tuna yadda ake yi a gidajenmu. Baƙo namiji ba ya kutsa kai cikin gida. Yana tsayawa ne a zaure ya yi sallama, a samu yaro a aika shi ciki ya ce ana sallama da maigida. Baƙon bai wuce zaure ba, amma ga shi an tashi maigida daga barci, an ɗauko tabarma, an ɗebo ruwa, an hura wuta. Haka sel yake. A jikin katangarsa akwai wasu furotin da kansu yake waje, ƙafarsu tana ciki. A littafinku sunansu risefta, mu kuwa a nan za mu kira ɗaya makarɓi, da yawa makarɓa. Homon yana zuwa ya zauna a kan makarɓin da siffarsu ta dace, kamar makulli da kwaɗonsa. Da ya zauna sai makarɓin ya ɗan sauya siffa ta can ciki. Wannan motsi shi yake tayar da yaron aike, wanda masana suka sa wa suna furotin G.

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani. Malamin horo ya shigo aji da dorina, ya kira sunanka. Kafin ka miƙe ƙirjinka ya fara dukan uku-uku. Abin da ya faru shi ne, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙodojinka sun zuba adiranalin cikin jini, jijiyoyin saƙo da suka shiga zuciya kuma sun saki ɗan'uwansa noradiranalin. Suka sauka a kan makarɓin zuciya mai suna beta-1. Furotin G ya ruga ya kunna wani injin da ke jikin katanga ta ciki, injin ya shiga ƙera wani ƙaramin sinadari da ake taƙaita sunansa da cAMP. Shi kuma ya bazu cikin sel, ya sa aka ƙara buɗe ƙofofin da kalsiyam yake shigowa. Kalsiyam shi ne yake sa tsoka ta matse, saboda haka zuciya ta ƙara sauri, ta ƙara ƙarfi. Abin lura shi ne yadda saƙon yake hayayyafa a hanya. Makarɓi ɗaya yana tayar da 'yan aike da dama, kowane inji yana ƙera cAMP masu ɗimbin yawa, kamar yadda magana ɗaya a bakin sanƙira take cika gari.

Abin da ya fi ba mu sha'awa kuwa, adiranalin ɗin nan guda ɗaya ne, amma kowane gida da yadda yake fassara sallamarsa. A jijiyoyin fata da na hanji makarɓin da ya fi yawa alfa-1 ne, yaron aikensa daban, kuma sakamakon shi ne jijiya ta tsuke. Shi ya sa tafin hannun mai jin tsoro yake yin sanyi. A hanyoyin iska na huhu kuwa beta-2 ne, shi kuma cewa yake a saki, a buɗe, iska ta shiga. Maganin shaƙa da masu asma suke yawo da shi a aljihu, salbutamol, wannan ƙofa ta beta-2 yake ƙwanƙwasawa. Wani masani a Amurka, Raymond Ahlquist, shi ya fara cewa a 1948 lallai makarɓan adiranalin iri biyu ne, ya kira su alfa da beta. Shekaru suka shuɗe ba a kula da maganarsa sosai ba.

Wanda ya ɗauke ta da muhimmanci shi ne James Black, likita ɗan Sikotland. A zamaninsa masu ciwon ƙirji saboda ƙuntatar jijiyoyin zuciya, kowa ƙoƙari yake ya ƙara wa zuciyarsu jini. Black ya juya tunanin: idan ba za a iya ƙara wa doki harawa ba, a rage masa sukuwa. Ya nemi sinadarin da zai yi kama da adiranalin har ya iya zama a kan makarɓin beta, amma ba zai tayar da yaron aike ba. Kamar mutum ne ya zo ya zauna a bakin ƙofa ya yi shiru, bai yi sallama ba, kuma ya hana mai sallama wuri. A 1964 aka samu propranolol, a 1988 kuma Black ya karɓi lambar Nobel. Kusan duk maganin da kuka ga sunansa a kwali ya ƙare da "olol", irin su atenolol da bisoprolol, dangin nan ne.

Ga amsar tambayarki ta farko ke nan, ƙanwarmu. Ƙwayar ba ta san hanyar zuciya ba. Tana narkewa a ciki, ta shiga jini, ta zaga ko'ina har yatsan ƙafa, amma ba ta yin aiki sai inda ta tarar da makarɓin da ya dace da ita. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa aron magani yake da haɗari. Propranolol ba ya bambanta beta-1 na zuciya da beta-2 na huhu. Idan mai asma ya karɓi na maƙwabcinsa don an ce masa yana da kyau, zai iya toshe ƙofar da numfashinsa ya dogara da ita.

Abin dariya, duk wannan an yi shi ne ba tare da wani ya taɓa riƙe makarɓi a hannu ba. Har farkon shekarun 1970 akwai manyan masana da suke ganin makarɓi tunani ne kawai da aka ƙirƙira don sauƙaƙa bayani. Robert Lefkowitz ya fara farautarsu a 1968, yana maƙala wa homon wata alama mai fitar da tururin nukiliya don ya ga inda zai sauka. A 1986, a Jami'ar Duke, shi da abokan aikinsa, cikinsu har da wani matashin likita Brian Kobilka, suka gano ƙwayar gadon da ke ƙera beta-2. Suka ga furotin ɗin dogon zare ne da yake ratsa katangar sel sau 7, shiga da fita, kamar ɗinkin allura. Sai kuma suka lura cewa makarɓin haske da ke cikin idonmu haka gininsa yake. Ashe dangi ne babba. Yanzu an san ɗan Adam yana da irinsu kusan 800, wajen rabinsu na jin ƙamshi da wari ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da ake amfani da su a kan wannan dangi suke aiki. Goron da kakanninmu suke ci ma yana cikin labarin, domin sinadarin kafin da ke cikinsa yana toshe makarɓin adinosin, wanda yake kawo saƙon gajiya da barci. A 2011 Kobilka ya samu hoton beta-2 a daidai lokacin da yake miƙa saƙo ga furotin G, bayan ya shafe fiye da shekara 20 yana nema. A 2012 aka ba su biyun lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai.

Yanzu tambaya ta biyu, wadda ita ce ta kai Baba asibiti. Sel ba dutse ba ne, yana lura da yawan sallamar da ake yi masa. Idan aka dame shi da kira ba dare ba rana, sai ya toshe wasu makarɓan, ya janye wasu zuwa ciki, kamar maigidan da ya gaji da masu bin bashi ya ce a ce ba ya nan. Idan kuma shiru ya yi yawa, sai ya ƙara yawan makarɓa a katangarsa yana kasa kunne. Ba mu ga kwalin maganin Baba ba, amma labarin da kika bayar ya yi kama da na masu shan dangin "olol". Wata da watanni ƙwayar tana zaune a bakin ƙofofi, zuciya ta ƙara buɗe sababbi. Ranar da aka janye maganin gaba ɗaya, sai adiranalin ya tarar da ƙofofi fiye da na da, kuma babu mai tsaron ko ɗaya. Zuciya ta ruga a guje, awo ya haura, wanda jijiyoyin zuciyarsa suka riga suka ƙuntata kuma yana iya samun bugun zuciya mai kisa. Saboda haka likita ba ya tsayar da irin wannan magani rana ɗaya, a hankali yake rage shi.

Akwai kuma kuskuren da ke cikin kalmar "na warke". Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, ko ciwon kai. Garau ɗin da Baba ya ji, maganin ne yake aikinsa.

Adiranalin ba shi kaɗai ne mai sallama a ƙofar jijiya ba. Akwai wani saƙo da ƙoda take aikowa, kuma a ganinmu shi ya fi cancanta ku riƙe, domin shi ne yake aiki a ɓoye shekara da shekaru. Idan ƙoda ta ji jinin da ke zuwa mata ya ragu, sai ta saki wani sinadari mai suna renin, wanda Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman suka gano a ƙodar zomo a 1898 a ƙasar Suwidin. Renin almakashi ne. Yana yanka wani dogon furotin da hanta take zubawa a jini, ya fitar da guntu mai ɗiya 10. Wani almakashin da ya fi yawa a jijiyoyin huhu, ACE, ya ƙara datse 2, saura 8. Wannan guntu mai ɗiya 8 shi ne anjiyotensin na biyu. Idan ya zauna a kan makarɓinsa AT1, jijiyoyi su tsuke, a saki homon aldostiron da ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sa mutum jin ƙishirwa. Ga wanda ya yi haɗari yana zubar da jini, ko yaron da gudawa ta tsotse, wannan tsari shi yake riƙe rai kafin a kai asibiti. Matsalar ita ce idan ya ƙi yin shiru. AT1 yana kuma gaya wa tsokar zuciya ta yi kauri. Kaurin damtse abin so ne, amma zuciyar da ta yi kauri tana yin tauri, ba ta cika da jini yadda ya kamata, a ƙarshe ta gaza. Daga nan ake samun kumburin ƙafa da haki idan an kwanta. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda su ma suna shan wannan matsi, har a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Maganin wannan sarƙa daga bakin maciji ya fito. A Birazil akwai wani kububuwa da ake kira jararaka, wanda idan ya sari mutum awon jininsa yake faɗuwa warwas. A 1965 wani masani ɗan ƙasar, Sérgio Ferreira, ya ware sinadaran dafin da suke taimaka wa wannan faɗuwa, daga baya aka gane almakashin ACE suke dasashewa. A kan wannan aka ƙera captopril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981. Danginsa su ne masu ƙarewa da "pril", kamar lisinopril. Wasu masu shansu suna fama da busasshen tari, saboda ACE yana da aiki na biyu, shi yake share wani sinadari mai suna biradikinin, idan an hana shi sai sinadarin ya taru ya riƙa sosa maƙogwaro. Sai aka ce to a bar almakashi ya yi aikinsa, a je a tare ƙofar AT1 kanta. Haka aka samu losartan a 1995, da sauran masu ƙarewa da "sartan". 'Yan mata ku riƙe wannan don iyayenku da yayyenku: dangin "pril" da na "sartan" ba a ba mai juna biyu, suna cutar da ɗan da ke ciki.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye. An daɗe da lura cewa a tsakanin baƙaƙen fata, da yawan masu hawan jini renin ɗinsu ba shi da yawa, jikinsu gishiri ya fi riƙewa. Don haka idan magani ɗaya za a bayar, wanda yake rufe ƙofar kalsiyam a jijiya, irin su amlodipine, ko wanda yake sa ƙoda ta fitar da gishiri ta fitsari, ya fi saukar musu da awo. Amma yawancin gwaje-gwajen da aka dogara da su a Amurka da Turai aka yi. A 2019 aka wallafa sakamakon wani gwaji da likitan zuciya Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, a kan marasa lafiya 728 a ƙasashe 6 na Afirka, ciki har da Nijeriya da Kamaru. An gwada haɗin magunguna bibbiyu har kala uku na tsawon wata 6, aka ga haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda babu shi. Muna kawo wannan ne don wanda yake zaune a aji yana ganin irin wannan bincike sai Bature.

Tunda gishiri ya shigo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Lissafin kuma ba na gishirin da aka barbaɗa kaɗai ba ne. Sodiyam ɗin da ke cikinsa shi ne abin gudu, kuma yana nan a dunƙulen miya, da yajin tsire, da garin ɗanɗanon taliyar 'yan makaranta, har da kanwa. Da yawanku ku ne kuke riƙe da ludayin miya a gida ranar da babu makaranta, kun san dunƙule nawa ake jefawa a tukunya. Hukumar ta ƙiyasta cewa manya fiye da biliyan 1 ne suke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Awon kuwa ba ya ɗaukar minti biyar a asibitin unguwa.

Ga aikin gida, ba na maki ba. Ku zauna shiru na minti biyar, ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, har ku ji bugu. Ku ƙirga na daƙiƙa 30, ku ninka biyu. Yawancinku za ku samu tsakanin 60 da 100. Sai ku tashi ku yi tsalle sau 30, ku sake ƙirgawa nan take, sannan bayan minti ɗaya, sannan bayan minti uku. Hawan da kuka gani aikin beta-1 ne. Saukowar kuma wani makarɓi ne daban, M2, wanda yake karɓar saƙon "a sassauta" daga wata doguwar jijiyar saƙo da ta taso daga ƙwaƙwalwa. Otto Loewi ya nuna wannan a 1921 da zukatan kwaɗi biyu: ya ɗebi ruwan da ya jiƙa zuciyar da aka sassauta ya zuba wa ta biyu, ita ma ta sassauta. Masu asma ko ciwon zuciya ko sikila su tsaya a ƙirgar farko, su riƙe wa abokansu agogo. Ku rubuto mana lambobin da kuka samu da ajinku, za mu jera su a fitowa ta gaba mu ga ko 'yan ƙwallo sun fi saurin saukowa kamar yadda ake faɗa.

Ke kuma ƙanwarmu, yau da daddare ki ɗauko kwalin maganin Baba ki duba ƙarshen sunan, ko "olol" ne, ko "pril", ko "sartan", ko "dipine". Ki zauna kusa da shi ki ba shi labarin baƙo da zaure da yaron aike, sannan ki tambaye shi ranar da likita ya ce ya koma, ki rubuta ta a bangon littafinki.